Zogalen Inna Dije a Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ba ku bar ni na huta ba. Duk wanda na gamu da shi a kasuwa sai ya ce, "Madam Hadiza, yaya teku? Ina tsarabarmu?" Wata har gidan suna ta tare ni, wai ko gaskiya ne an haska hotona a bango gaban Turawa. Gaskiya ne, an haska. To ga labarin nan, sau ɗaya zan ba da shi, wanda ya sake tambayata ya kuka da kansa, don har yanzu raina a ɓace yake.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai ɗakin koyar da ordinatar, wato kwamfuta, a nan Tibiri. Ɗakin na Inna Dije ne, ƙanwar mahaifiyata, ita ta ba mu shi kyauta, jikin garkarta ta zogale. Da zogalen nan take ci, da shi take ciyar da jikokin da ke hannunta. Shekarun baya wani kamfanin ordinatar na Turai ya aiko mana da kaya: injinan da suka gama aiki a ofisoshinsu, da faifan hasken rana, da manyan batura. Ba zan rufe gaskiya ba, sun yi amfani. 'Yan mata sun koyi bugu, wasu yanzu suna cin abinci da shi. Amma tsofaffi aka aiko mana, zafin garinmu kuwa ba ya raga wa tsoho. Ɗaya bayan ɗaya suka mace, muna jibge su a ɗakin ajiya.

Daminar bara rufin ɗakin ya rufta. Baturan suka tsattsage, wani farin abu ya fito musu, ruwan sama ya kwashe shi ya gangara wajen rijiyar garka. Kun san ƙasarmu, ruwa ba ya da nisa. Awakin Inna suka lashi wurin, biyu ba su tashi ba. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo, na yi murna, ashe wahala na kira. A nan tsakar wurin suka fasa batura suka tuttule ruwan a ƙasa, suka cinna wa wayoyi wuta don su ciri jan ƙarfe, Inna ta yi kwanaki tana tari. Na kore su, suka tafi da abin da suke so suka bar mana sauran. Abin da nake nema ke nan: a kwashe tarin nan, a ƙwaƙule ƙasar da ta sha guba, kafin wata damina ta sauka.

Ana cikin haka sai ga waya daga Madam Kilara, Baturiyar da kayan suka biyo ta hannunta. Ta ce kamfaninsu zai yi taro a Kwatano kan yadda masu aikin ordinatar za su daina ɓata ƙasa da iska da ruwa, suna so in zo. Na ce Allah ya kawo mu.

Da na gaya wa Inna, sai ta ce, "Hadiza, laihinmu na. Mutanen ga sun aiko muna abinci, mun ci mun ƙoshi, sannan munka riƙe musu kwano. Kunya ta hana su tambaya. Ki tahi ki ce su zo su ɗauki abinsu." Haka muke yi a nan, kun sani: maƙwabciya ta aiko miki da tuwo, ki wanke kwanon ki mayar, kuma ba ki mayar da shi haka nan, ko gyaɗa ce sai kin zuba. Inna ta shiga garka ta tsinko zogale mai kyau, ta shanya a inuwa, ta cika kwanonta na samira mai murfi, ta ɗaure da sabon ƙyalle. Ni kuma na sa ƙaramin mataccen batir ɗaya da 'yan tarkace a buhu, don su gani da idonsu. Kada ku yi wa tsohuwa dariya. Ni da na yi lakwal, wato boko, haka na ɗauka ni ma.

Na fita Kore Mairuwa na tari motar da ta taso daga Dogon Dutsi. A ciki Allah ya haɗa ni da Hajiya Zali, 'yar kasuwa mai sarin atamfa, wadda ta san hanyar Kwatano kamar hanyar ɗakinta. Ta dubi kwanon da na rungume, ta dubi buhun, ta ce, "Ƙanwata, biki za ki ko bola?" Na ce duka biyun. Daga nan ta riƙe ni, ba don ita ba da ban san inda zan kwana ba a Gaya. Gidan wata ƙawarta muka sauka, aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, sauron bakin kogi ya yi walima da ni.

Gadar kan iyaka a rufe take, sai kwalekwale. Kafin mu shiga wani ɗan duwan, mai binciken kaya a iyaka, ya ce in kwance buhu. Ya ɗaga batirin da yatsa biyu, ya ce da me yake aiki. Na ce ba ya aiki, matacce ne, masu shi zan kai wa. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Ya ce, "Madam, tun da nake nan matattun kaya daga kudu suke zuwa su wuce arewa. Ke ce ta farko da na ga ta juyo da su." Suka yi ta dariya, ya ce in wuce, shi ba ya da abin da zai rubuta wa wannan. A cikin kwalekwalen an loda mu da babura da buhunan albasa, ruwa na taɓo baki. Takalmina ɗaya ya bi kogi wajen sauka. Ban ko waiwaye shi ba, hannuna biyu na kan kwanon Inna. Da silifas ɗin roba na Hajiya na shiga ƙasar mutane.

Daga Malanbil muka hau babbar mota. A Faraku aka tsaya cin abinci, Hajiya ta sa aka kawo mana sakwara da cuku a cikin miya. Ni cukun da na sani busasshe ne, a gasa a sha da shayi. Nasu laushi gare shi kamar awara, kuma wallahi da daɗi, ba zan yi musu ƙarya ba. Muna cikin ci sai hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Mutane suka ci gaba da harkarsu, ni kuwa na tuna tarin da na baro a gida. Ruwan da ya sauka a Faraku hanyarmu ya nufa, 'yan makonni ne tsakani.

Kwatano gari ne na masu sauri. Masu kabu-kabu duk da riga ruwan ɗorawa, sun fi fara yawa, mata ma da kansu suke tuƙa babur da kaya a baya da goyo. Fetur a manyan kwalabe a bakin titi. Gaisuwa kuwa kalma ɗaya ce. Na tsaya ina tambayar mai gadin otel gajiya da iyali, sai ya ɗauka wani abu na ɓatar. Hajiya ta raka ni har ƙofa, ta ce idan na gama in same ta a masaukinta kusa da babbar kasuwa mu koma tare.

Otel ɗin a bakin teku yake. Teku dai ruwa ne mai yawa da ba a sha, ga amsarku. Ɗakin ba makulli, wani kati ake gogawa. Na shiga makewayi, ba buta. Na sauko na roƙi gorar roba, aka ce ai taron nan an hana roba saboda kare muhalli. Da kofin gilashi na yi ta fama har na bar wurin. An kuma manna sanarwa cewa kada a yawaita ba da tawul wanki, a tausaya wa ruwa. Na leƙa taga sai ga tafki guda an gina an cika da ruwa mai kyau, wani ƙato shi kaɗai yana iyo a ciki. Abincinsu akasa, wani tuwon gasara mai tsami, da kifi, na ci. Ƙaguwa ce aka ɗora mini a faranti da ƙafafunta duka, na ce a'a, mu ba mu saba ba.

Zauren taron sanyi kamar cikin firji, sai da na naɗe da mayafi biyu. An rataya wa kowa sunansa a ɗan katako, ba takarda ko ɗaya, wai don a bar itatuwa su rayu. Shugabannin kamfani suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce ofisoshinsu yanzu da hasken rana suke aiki. Wancan ya ce manyan injinan da ke ajiye bayanai sun rage cin wuta. Wata ta ce suna auna hayaƙin da kowane ma'aikaci ke jawowa, har na jirgin da ya kawo su. Ban raina ba, wasu abubuwan na ƙaru da su. Sai aka zo kan abin da suka fi alfahari da shi: ba sa zubar da tsohon inji ko ɗaya, kowanne ana ba shi rayuwa ta biyu a Afirka. Nan aka haska hoton. Ga ni ranar biki, ina dariya har kunne, 'yan mata a gaban injina, bayanmu zogalen Inna kore shar. Aka ce in miƙe, aka tafa mini.

Wadda ke zaune kusa da ni, Fati, Bahausar zango ce daga Gana, ita ma irin ɗakina take riƙe da shi. Da na zauna ta matso ta ce a hankali, "'Yar'uwa, naki ma sun mutu?" Na ce sun mutu. Ta ce, "Namu ma. Ki tafa kawai."

Ni ban zo tafi ba. Da aka fita shan shayi na sami Madam Kilara. Mace ce mai fara'a, ta rungume ni, har sunan Inna ta tuna. Na yi yadda aka aike ni: na fara miƙa kwano da hannu biyu, na ce ga gaisuwar Inna, tana godiya. Ta kwance, ta shinshina, ta yi ta murna. Ta ce a ƙasarsu a kantin magani ake sayar da garin wannan ganye, masu hali ke saye. Ta kira wani ma'aikacin otel ta ce a kai kicin, a dafa a cin abincin rufe taro kowa ya ɗanɗana. Na ji daɗi har cikin raina, na ce Inna ta fi ni sanin mutane.

Sannan na kwance buhu. Na nuna mata batirin, na buɗe salula na nuna mata ɗakin da ya rufta, da farin abin da ya bi ƙasa, da rijiya. Na ce Inna ta ce ku yi haƙuri mun riƙe muku kaya, ku zo ku ɗauka kafin ruwa ya sauka.

Fara'ar ta ɗauke. Ta daɗe tana kallon hoton rijiyar. Ta ce, "Hadiza, wannan rijiyar, da ita ake ban ruwan garkar?"

Na ce da ita.

Ta ce, "Ganyen nan ma?"

Na ce ai garkar ɗaya ce.

Sai ta ja ni gefe ta yi mini bayani, a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya. Ta ce ranar da kayan suka shiga hannunmu sun zama namu, kamfani ya fita. Ta ce ko suna so ma ba za su iya mayar da su ba, don yanzu shara ce mai guba, doka kuwa ta hana a tsallaka iyaka da irinta. Na ce, "Madam, da za su zo ba iyakar suka tsallako ba?" Ta ce lokacin kyauta ne, ba shara ba. Na ce to a turo masu kwashewa su kai inda ake sarrafa irinsu. Ta ce sashenta na bayarwa ne, kwashewa ba a ba kowa ba tukuna, amma magana ce mai muhimmanci, za ta kai ta gaba. Ta karɓi ɗan batirin da na kawo, ta kai shi wani jan kwando da kanta. A zauren kwanduna uku ne: na taki, na kwalabe, da ja na abu mai haɗari. Cikin tarin da ke bayan ɗakin Inna, abin da kamfani ya karɓa ke nan.

Ranar rufe taro aka jera abinci, na bi tebur daga farko har ƙarshe, ba zogale. Ina tsaye sai ga ma'aikacin nan da kwanon Inna, an wanke shi tas, an ninke ƙyallen an ɗora a kai. Ya ce Madam ta ce a mayar mini. Na ɗaga murfi, ba komai. Na ce ina ganyen. Ya yi ta kame-kame, na ce ya faɗa mini, ba zan kai ƙararsa ba. Ya ce Madam ta sauko kicin da kanta ta ce kada a dafa. Masu wanke-wanke suka ce a ba su su kai gida, ta ce a'a, ko kusa. Shi ya ɗauka zai zuba a kwandon taki, ta hana, ta ce zai ɓata takin da ake sa wa furannin otel. A jan kwando aka zuba.

Na je na buɗe jan kwandon. Ga zogalen Inna, wanda ta tsinka ganye-ganye ta shanya a inuwa don kada ya dushe, a zube a kan batirin da na kawo.

Ban yi ihu ba. Na sami Madam Kilara na ce, "Kin hana mai wanke kwanuka ci. Kin hana furanni. Inna da jikokinta fa, da suke ci safe da yamma?" Idonta ya kawo ruwa, ban ce na ƙarya ba ne. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ki ce su daina ci, don Allah. Zan rubuta rahoto." Na ce su ci me. Sai aka kira ta a lasifika. Ta hau ta sanar da albishir: saboda nasarar da aka samu, kamfani zai sake aiko da wani kashin injina, Tibiri na cikin waɗanda aka zaɓa, kuma hukumomin garin sun riga sun yi na'am. Aka juyo ana tafa mini. Fati ta sunkuyar da kai.

A hanyar dawowa na ba Hajiya Zali labari. Ta ce, "Ƙanwata, kada ki kai wa tsohuwa kwano wayam, zuciyarta za ta karye. Ki sayi sabulu mai ƙamshi ko alewa ki zuba, ki ce su suka ba da." Shawara ce ta mai hankali, na sani. Na ce ba zan saya musu mutunci da gumina ba. Ruwa ya raka mu tun daga Faraku har Malanbil. A Gaya ƙasa ta riga ta jiƙe. Sai da muka wuce Doso na ga busasshiyar ƙasa, amma gabas ta fara yin duhu.

Na iso da la'asar. Inna ta ji zuwana ta yi kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, irin wanda nake so, ta ajiye a tsakar gida, jikoki sun kewaye suna jira a ce bismilla. Ta karɓi kwanonta da murmushi, ta auna nauyinsa a hannu, murmushin ya ragu. Ta kwance ƙyallen, ta ɗaga murfi, ta daɗe tana kallon ciki.

Ta ce, "Sun dai ci?"

Na gaya mata duka, ban rage ba, har jan kwandon.

Ba ta zagi kowa ba. Ta ce, "Ashe sun san abin da sunka aiko muna." Ta miƙe ta ɗauke kwaɗon daga gaban yara, ƙaramar cikinsu ta fashe da kuka. Ranar nan tuwo suka ci da miyar kuka da na roƙo a maƙwabta.

Da safe na ji sara a garka. Na fita na tarar da Inna da gatari. Na riƙe mata hannu na ce ta bari a nemo mai auna ruwa tukuna, wataƙila ganyen lafiya lau yake. Ta ce, "Wa zai auna? Abin da baƙo ya ƙi ba mai wanke mishi kwano, ni ba ni ba jikokina shi." Itatuwan da ta shuka tun mijinta na da rai, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta yarda na taya ta ba. Yanzu surfe take yi a gidajen mutane, a shekarunta.

Ruwan farko ya sauka cikin makon nan. Na lulluɓe tarin da tamfol, iska ta yaye shi, na tsaya a ƙofa ina kallon ruwa na bi ta cikinsa yana gangarawa inda ya saba. Rahoton Madam Kilara ban ji ɗuriyarsa ba. Wanda na ji shi ne ɗan aiken magajin gari, shekaranjiya. Ya ce sababbin kaya sun kusa, a share wuri, a sa 'yan mata su yi anko. Na ce ba na so, ya ce ba a mayar da hannun kyauta, kuma ba ni aka ba, gari aka ba. Ya ƙara da cewa masu ɗaukar hoto za su zo, sun roƙi a tsaya gefen garka kamar wancan karon, don koren ya yi musu kyau.

Inna na zaune a bakin ƙofa tana jinmu. Ta ce, "Ce musu su taho. Kututturan na nan."